Neman shawara: kamara marar madubi guda ɗaya za ta iya riƙe min hoto da bidiyon biki a zafin Kano?

Mai Hoton Biki ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan sana'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema kafin in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a inda bai dace ba. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Kano, shekarata ta bakwai kenan ina aiki da Canon 6D da gilasan kamara guda uku irin na Canon da ake kira EF, 50mm da 85mm da kuma 24-105mm, kuma alhamdulillahi ta rufa min asiri. To amma yanzu kasuwa ta juya, duk wanda ya kira ka aikin biki sai ya ce hoto da bidiyo yake so a haɗe, amarya kuma tana son ɗan gajeren nan na Instagram da TikTok tun kafin a watse daga dina, in ka ce kai hoto kawai kake yi sai a ce to za mu neme ka, shikenan ba za ka sake jin su ba.

Abin da ya sa nake jin tsoro shi ne abin da ya same ni a watan Afrilun da ya wuce. Na ari wata kamara marar madubi a wajen wani abokina, ba zan faɗi sunanta ba don kar a ce ɓatanci nake, na je kamu da ita a tsakar gida da la'asar. Ina cikin ɗauka a 4K sai ga alamar zafi ta fito a sikirin, kafin in ankara ta mutu, daidai lokacin da dangin ango suka zo za su fesa wa amarya turare. Wallahi har yau in na tuna fuskar uwar amaryar nan sai in ji ba daɗi, saboda abu ne da ba a maimaitawa.

To yanzu ina kallon guda huɗu: Canon R6 Mark II, Sony A7 IV, Lumix S5 II ta Panasonic, sai Nikon Z6 III da wani ya ce min tana ɗaukar 6K a cikinta. Aikina biki ne mafi yawa, kamu da ɗaurin aure da dina da walima, sai kuma da azumi akwai masallacin unguwarmu da suke so in riƙa ɗaukar musu tafsiri, shi kuma sama da awa ɗaya ake yi ba tsayawa. Tambayata, da gaske kamara ɗaya za ta iya wannan duka? Kuma wannan 6K da 8K da ake ta talla, akwai amfaninsa a irin aikinmu ko kuwa? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baba Mai Bidiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kiyaye gaba, abin da ya same ka ya samu da yawa daga cikinmu, don haka ka kwantar da hankalinka.

Bari in fara da zafin tunda shi ne ya ƙona ka. Duk lissafin mintunan da kamfanonin nan suke bugawa, a ɗaki mai sanyi suke gwadawa. Lokacin da Canon ta fito da R5 a 2020 ita da kanta ta rubuta cewa 8K ɗin zai yi kamar minti 20 kafin zafi ya tsayar da shi, kuma wannan lissafin a kan digiri 23 ne. To kai kuma ina za ka samu digiri 23 a tsakar gida a Kano cikin Afrilu? Ana wuce 40 a inuwa ma, balle baƙar kamara da rana take duka kai tsaye. In ka buɗe littafin yawancinsu za ka ga an rubuta tana aiki ne daga digiri 0 zuwa 40, wato mu a bazara a bakin iyakarta muke farawa tun kafin ka danna maɓalli. Shi ya sa bidiyon da kake gani a YouTube wani yana cewa ya ɗauki awa biyu ba ta mutu ba, ba ƙarya yake ba, garinsu ne ba irin namu ba.

Dalilin kuma a fili yake, an ɗauko aikin babbar kamarar fim an cusa a ƙaramin jiki da aka rufe ko'ina don kar ruwa da ƙura su shiga, sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, tana karantawa ba hutawa, injin cikin yana matse hoton, kati yana zafi, batir yana zafi, duk a wuri ɗaya babu ta inda iska za ta fita. Saboda haka ni abu na farko da nake tambaya yanzu shi ne, tana da fanka a ciki ko babu? A cikin huɗun da ka lissafa Lumix S5 II ce kaɗai mai fanka a jikinta. A ɓangaren Sony akwai FX3 da FX30 masu fanka, su kuma an yi su ne don bidiyo, ba su da wajen leƙawa da ido, in ka saba ɗaukar hoto da ido a jikin kamara za ka sha wahala da rana. Canon kuma akwai R5 C mai fanka. Fujifilm suna sayar da wata 'yar fanka daban da ake ɗaurawa a bayan X-H2S.

Marasa fankar ma ba wai ba sa aiki ba ne, ana lallaɓa su. Ka janye sikirin daga jikinta ya buɗe, ka samu yaro ya riƙe maka lema in a waje kake, ka kashe ta duk lokacin da ba ka ɗauka, in Sony ce akwai wani saiti Auto Power OFF Temp ka mayar da shi High, in aikin zama ne kamar tafsiri ka cire batirin ka sa na bogin nan mai waya da ake jonawa da wuta, zafin batir ya fita daga lissafi. Sannan ka sauko daga firam 50 a sakan zuwa 25 in ba silo moshin kake so ba, wannan kaɗai yana ƙara maka lokaci sosai.

Maganar tsayawa a minti 30 kuwa ka rarrabe ta da zafi, abu biyu ne. Tsofaffin kamarori irin 6D ɗinka da ma R6 ta farko suna yankewa a minti 29 da sakan 59 ko da a cikin firij kake, asalinsa harajin Tarayyar Turai ne, a da duk wadda ta kai minti 30 akan lissafa ta a kamarar bidiyo a ɗora mata kuɗin fito. R6 Mark II da A7 IV da S5 II duk an cire musu wannan yankewar ta minti 30 a 4K, don haka tafsiri ba matsala ta wannan ɓangaren.

Sai 8K da 6K. Ƙanena wa zai kalla? Amarya a waya za ta kalla, ta tura wa ƙawayenta ta WhatsApp ya matse shi ya koma kamar an wanke. Abin da na ga yana canza aiki da gaske shi ne 10-bit. Tsohon 8-bit mataki 256 yake da shi a kowane launi, 10-bit kuma 1024, kuma mu aikinmu kullum farar shadda ce mai ƙyalli a jikin mutum mai duhun fata a tsakiyar rana, in ka bi fuska shadda ta ƙone, in ka bi shadda fuska ta nutse. Da 10-bit da log, wato saitin da ke ɗaukar hoto a dishe don ya riƙe haske da duhu tare, kana da wurin da za ka ja abin a wajen tacewa ba tare da launin ya farfashe ba. Duk huɗun suna da shi, don haka a nan ba ka da asara ko wacce ka ɗauka.

Abu ɗaya da ba wanda zai faɗa maka a shago: babu ɗaya a cikinsu mai ND a ciki, wato filtar da ke rage hasken da ke shiga. Bidiyo a firam 25 shota 1/50 yake so, da ranar Kano a 1/50 ko ka rufe gilashi zuwa f/16 sai hoton ya yi fari fat. Dole ka sayi filtar ND mai juyawa ka ɗaura a bakin gilashi, kuma duk sanda za ka koma hoto a cikin ɗaki sai ka kwance ta. Wannan ɗaurawa da kwancewar ita ce ainihin wahalar mutum ɗaya mai yin aiki biyu.

Hajiya Mai Tacewa ta amsa:

Sannunku. Ni ba na riƙe kamara, tacewa nake yi, kuma kayan masu ɗauka da yawa suna biyowa ta hannuna, don haka bari in faɗi abin da ke faruwa bayan an tashi daga biki, don a nan ne ake kuka.

Malam wace kwamfuta gare ka? Ka amsa wannan kafin ka je kasuwa. Wasu daga cikin sababbin kamarorin nan suna ɗauka da tsarin fayil H.265 10-bit 4:2:2, fayil ɗin ƙarami ne a kati amma buɗe shi aiki ne babba, tsohuwar laftof tana ganinsa za ta fara tsalle-tsalle, sauti yana gaba hoto yana baya, ka kasa ma yanka daidai. Mac masu M1 zuwa sama suna buɗe shi sumul, Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama su ma suna da abin karanta shi a ciki, amma katunan Nvidia na kafin jerin RTX 50 ba sa karanta 4:2:2 da kansu, mutum ya kashe kuɗi a babban kati yana mamakin me ya sa abin ke tsayawa. Kuma manhajar tace bidiyo DaVinci Resolve na kyauta a kan Windows yakan ƙi irin waɗannan fayilolin, sai na kuɗin, Studio, dala 295. Akwai hanyar firoksi, wato ka yi ƙananan kwafi ka yi aiki da su, in ka gama manhajar ta koma kan na asalin, yana aiki lafiya amma lokaci yake ci, ga wuta ba kullum ba, amarya kuma tana ta kira.

Sai wajen ajiya, shi ma a yi lissafi. 100Mbps yana cin kamar 45GB a awa ɗaya. In ka hau 200 ya zama 90GB. Sony tana da wani tsari XAVC S-I mai sauƙin tacewa, a 4K firam 25 yana tafiya a 250Mbps, wato sama da 110GB a awa. Bikinmu kuma ba yini ɗaya ba ne, kamu yau, gobe sa lalle ko walima, jibi ɗaurin aure da dina, ga kai amarya. Ka tara ka gani. Wannan N-RAW 6K, wato ɗanyen bidiyo, na Nikon Z6 III da aka faɗa maka gaskiya ne tana yi a cikinta, kuma hoton yana da kyau ƙwarai, amma sai katin CFexpress, kuma girman fayil ɗin ya fi ƙarfin aikin biki, na masu talla ne da masu fim da suke da lokacin zama su gyara launi fage bayan fage.

Kati kuma don Allah kar a yi masa rowa. Lambar V ɗin da ke jiki ita ce magana, V30 na nufin ba zai sauka ƙasa da 30MB a sakan ba wajen rubutawa, haka V60 da V90. Jabun kati sun cika kasuwa, a rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba, yana cika sai ya fara cinye na farko. An taɓa kawo min ɗaurin aure guda da rabinsa ba ya buɗuwa, mai ɗaukar ya zauna a gabana ya rasa abin da zai ce, wallahi har ni sai da na ji hawaye. Tunda duk waɗanda ka lissafa ramin kati biyu gare su, ka saita ta rubuta a duka biyun lokaci ɗaya in tana ba da damar hakan a bidiyo, in ɗaya ya ci amana ɗayan yana nan.

Na ƙarshe sauti. Mutane suna yafe hoto mai ɗan duhu amma ba sa yafe sautin da ba a ji, musamman tafsiri da siga ta ɗaurin aure. Makirfon jikin kamara iska da hayaniya kawai yake kwasa. Ka nemi ƙaramin rikoda irin na kamfanin Zoom ka jona a miksar masallaci ko ta DJ, ka kuma maƙala wa malam makirfo marar waya, ni a wajen tacewa zan haɗa su.

Mai Hoton Biki ya sake rubutawa:

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, wannan maganar digiri 23 ban taɓa saninta ba, yanzu na gane abin da ya faru ranar. Hajiya ke kuma kin taɓo inda yake min ciwo, laftof ɗina tsohuwa ce Core i5 ta wajen 2016, Lightroom kawai nake yi da ita, ashe ita ma sai ta shiga lissafi. To in haka ne kenan Lumix zan ɗauka saboda fankar? Abin da ke riƙe ni shi ne gilasaina na Canon, kuma na sha jin ana cewa otofokas ɗin Panasonic yana farauta, yana shiga yana fita. Akwai wanda yake aiki da ita a nan ya faɗa min gaskiya? Sannan wani abu, a wani bidiyo da na ɗauka a wajen dina na ga wasu layuka baƙaƙe suna gangarowa a hoton, shi ma zafin ne ko me?

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maraɗi, zafinmu da naku duk ɗaya ne in ma namu bai fi ba. Ni S5 II ke hannuna, da ita nake ɗaukar wa'azi da taruka da bukukuwa.

Maganar farautar fokas da ka ji gaskiya ce amma ta tsofaffin ce, irin GH5 da S5 ta farko, su da bambancin haske kawai suke nemo fokas shi ya sa bayan mutum yake ta numfashi. S5 II da ta fito a farkon 2023 ita ce ta farko da suka sa wa irin fokas ɗin da Sony da Canon suke amfani da shi, kuma bambancin a bayyane yake. Ba zan ce maka ta kamo su ba, a wajen bin mutum mai gudu ko cikin duhu har yanzu Sony da Canon suna gaba, amma ga malami a zaune ko ango da amarya suna shigowa a hankali ta wadatar. Ni na ɗora ta a kan ƙafa uku na ɗauki karatu sama da awa ɗaya a 4K firam 25 cikin rumfa da rana, fankar tana aikinta, ban ga alamar zafi ba.

Abin da na fi so a jikinta shi ne ɗaukar da take yi da dukkan faɗin sensa da tsayinta, 6K a siffar 3:2. To a nan ne 6K yake da amfani, ba don a kalla a 6K ba, sai don daga ɗauka ɗaya ka yanko na kwance na YouTube ka kuma yanko na tsaye na TikTok kan amarya bai fita ba. Amma ni gajerun wurare nake yi da shi, shigowa da yanka kek da rawa, sauran duk 4K. Kuma tana riƙe girgiza sosai, sau da yawa da hannu nake bi ba gimbal, wato na'urar hana girgiza.

Aibinta kuma ga shi: in ka hau firam 50 a 4K tana yanke hoton ya matso kamar sau ɗaya da rabi, gilashinka mai faɗi ya daina zama mai faɗi, a ƙaramin ɗakin amarya za ka ji haushin wannan. A7 IV ma haka take yi. R6 Mark II da Z6 III ne ba sa yankewa a 4K firam 50, wannan kam a ba su. Sannan in ka juya kamara da sauri ginshiƙai da bango suna lanƙwashewa, saboda sensar daga sama zuwa ƙasa take karantawa layi bayan layi, S5 II da A7 IV duk suna da wannan. In za ka ɗauki hawan sallah dawakai suna sukuwa, a nan Z6 III ta fi su don sensarta ta fi saurin karantawa.

Layukan da ka gani kuwa ba zafi ba ne, wuta ce. Lantarkin Najeriya da na Nijar 50Hz ne, kamarar da aka sayo daga Amurka kuma tana zuwa a saitin NTSC, firam 30 da 60, sai fitila tana ƙyaftawa a nata lokacin kamara tana ɗauka a nata. Ka mayar da ita PAL, firam 25 ko 50, shota 1/50 ko 1/100. In an tayar da janareta kuma shi ba ya zama daidai a 50, ko wurin dina mai fitilun LED da babban allo, sai ka shiga saitin da ke ba ka damar matsa shota kaɗan-kaɗan har layin ya ɓace, a Lumix sunansa Synchro Scan, Sony da Canon ma suna da irinsa. Ka riƙa zuwa da wuri ka gwada kafin baƙi su cika.

Na Canon Har Gobe ya amsa:

Ni kam ban yarda a tura bawan Allahn nan ya canza gida ba. Ɗan Maraɗi ka faɗi gaskiya a kan kamararka amma ka manta mutumin nan gilasai uku gare shi na EF, kuma mai hoto ne kafin komai, hoton ne yake ciyar da shi yau. Da adaftar Canon ta EF zuwa RF, wato bakin gilashi na sababbin kamarorinta, duk gilasansa za su hau R6 Mark II su yi aiki kamar an yi su don ita, 85mm ɗin nan ma sai ya fi kama ido a kanta fiye da yadda yake yi a 6D. In ya koma wani kamfani ko dai ya sayar da su da asara ko ya dogara da adaftar wani kamfanin daban wadda a bidiyo ba kullum take biyayya ba. Kuɗin da zai kashe a sababbin gilasai gara ya sa a laftof da fitila da makirfo kamar yadda Hajiya ta ce. Ga menu ɗin ya riga ya saba, ga launin fata da kwastomominsa suka san shi da shi.

Ban ɓoye aibinta ba: ba ta da fanka, ramin HDMI ɗinta ƙaramin nan ne mai saurin lalacewa in kana jona waya kullum, A7 IV da S5 II babba gare su. Kuma gilasan RF na cikakkiyar sensa suna da tsada, kamfanonin gilashi Sigma da Tamron da aka ba izini a 2024 na ƙaramar sensa suka fara yi, alhali Sony ta daɗe da buɗe ƙofarta shi ya sa gilasanta masu araha suka yi yawa har na hannu. Wanda zai fara daga sifili ni ma zan iya ce masa ya duba Sony. Amma shi ba daga sifili yake ba.

Sannan ku daina ɗora wa otofokas abin da ba zai iya ba, ko na wane kamfani ne. Amarya ta shigo a lulluɓe da mayafi mai duwatsu, fuska ba ta fito ba, ƙawaye goma sun kewaye ta kowacce fuskarta a buɗe, ga masu liƙi suna gittawa, ga masu waya sun ɗaga hannu a gabanka, kamara za ta bar amaryar ta kama wadda ta fi kusa. A irin wannan wurin ka kashe neman fuska, ka dangwala inda kake so a sikirin ta bi shi, ko ka koma fokas da hannu. Wannan koyo ne ba saye ba.

Ƙura kuma, tunda babu madubi sensa a tsirara take da ka cire gilashi. Da hunturu kar ka canza gilashi a waje, ɗigo ɗaya na ƙura a hoto minti ɗaya ne ka goge shi, a bidiyo kuwa yana nan a kowane firam. R6 Mark II tana rufe labulen shota in an kashe ta, ka bar wannan saitin a kunne.

Baba Mai Bidiyo ya sake amsawa:

Na Canon ya yi magana, gilasan nan hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Amma ƙanena akwai abin da tambayarka ta ɓoye, ka ce kamara ɗaya. Ko da kamarar za ta iya, kai ba za ka iya ba. Lokacin da waliyyi yake cewa na ba shi, ko hoto kake ɗauka ko bidiyo, hannu biyu gare ka kuma saitin ma ba ɗaya ba ne, hoto yana son shota mai sauri da filashi, bidiyo yana son 1/50 da fitila mai ci ba tsayawa. Kar ka sayar da 6D. Ka bar ta a wuyanka tana hoto, sabuwar ta yi bidiyo, in aikin babba ne ka ɗauki yaro ka koya masa ya riƙe ɗaya. In ɗaya ta yi zafi ko ta faɗi, ba ka tsaya hannu rabbana a gaban mutane ba.

Tafsirin kuma ka ɗauke shi a 1080 firam 25, ba mai neman 4K a karatun awa ɗaya da rabi kullum har kwana talatin, kati zai huta, laftof za ta huta, datar ɗorawa ma ta ragu, zafi kuma da wuya ka gan shi. Kafin ka biya kuɗi, ko wacce ka zaɓa, ka nemi mai irinta ka yi hayarta yini ɗaya, ka fita da ita tsakar gida da ƙarfe biyu na rana ka kunna 4K firam 50 ka ajiye agogo, sannan ka kai fayil ɗin kan laftof ɗinka ka ga ko zai buɗu.

Mai Hoton Biki ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Na fasa sayar da 6D ɗin. Akwai wani abokin aikinmu mai R6 Mark II, na kira shi yanzu ya ce in zo ranar Talata in ɗauka tunda ba shi da aiki, zan yi gwajin da Baba ya ce da 24-105mm ɗina in ya ara min adaftarsa, in na samu mai S5 II ita ma zan gwada ta a rana ɗaya don kar in zalunci kowacce. Hajiya don Allah in laftof ɗin ta ƙi buɗe fayil ɗin zan dawo ki nuna min yadda ake yin firoksin nan, kuma tsakanin ƙara mata RAM da haƙura in tara in sayi wata, wanne kike gani?